Wane Turanci ake bukata wajen gabatar da shirin kasuwanci?

Duk lokacin da Gidauniyar Tony Elumelu ta buɗe neman jarin dala 5,000 da ta fara bayarwa a 2015, sai a riƙa jin maganar gabatar da shirin kasuwanci. Ma'anarsa ɗan kasuwa ya tsaya gaban alƙalai ko masu zuba jari, cikin 'yan mintuna, ya bayyana matsalar da ya hango, maganinta, da hanyar shigowar kuɗi.

Turancin da ake bukata ba shi da yawa. Gajerun jimloli ne masu nuna inda aka dosa: "let me start with" na nufin bari in fara da, "moving on to" kuma an koma wani batun.

Wajen lissafi ne harshe ke sarƙewa. "Revenue" shi ne duk cinikin da aka yi, "profit" kuwa ribar da ta rage bayan an cire uwar kuɗi da ɗawainiya. Mai sarrafa man gyaɗa a Kano, idan ta cakuɗa biyun, sai a ɗauka ba ta iya lissafinta ba, alhali ta san kasuwarta sarai. Haka "fifteen" da "fifty", wato 15 da 50: a furta su a tsanake, a kuma rubuta adadin a allo.