Fatauci Ba Ya Yiwuwa Da Amana Kaɗai, Sai Da Tsari

'Yan uwa fatake na Nima da Maamobi, da duk inda takardar nan ta iske ku.

Ku lissafa da ni. Kafin saniya ta baro karar Pouytenga ko Fada N'Gourma ta iso Turaku ta Ashaiman, hannu nawa take bi? Akwai mai saye a can, da mai canja sidi zuwa sefa, da direba, da yaran da ke bayan lori suna tayar da wadda ta kwanta, da mai bin takardun likitan dabbobi a Paga, sannan maigida da dillali, kana mahauci. To, duk mai lodi shugaban ma'aikata ne, ko da ba shi da ofis.

Ni da wuya na koyi wannan. Wata shekara gab da Babbar Sallah na yi lodin shanu 35, biyu suka mutu tsakanin Tamale da Kintampo. Direba ya ce yara sun yi barci, yara suka ce direba ya ƙi tsayawa. Ɗan ƙanwata da ke riƙe da kuɗin hanya ya kasa faɗin inda kuɗin suka shiga, ni kuwa na faɗa masa maganar da ba ta dace ba. Asarar shanun na manta da ita, amma shekara biyu uwarsa ba ta taka gidana ba. Da na zauna na duba, laifin nawa ne: na tura mutum biyar, ban ce wane ne babba ba.

Daga nan na canja abu uku. Na farko, kowace tafiya da shugabanta guda, kuma a gaban kowa nake naɗa shi, kamar yadda aka koya mana a Islamiyya cewa matafiya su sa ɗaya a gaba. Idan ya ce a tsaya a duba shanu, direba ya tsaya. Na biyu, littafi: kuɗin saye, la'ada, kuɗin mota, abin da aka bayar a kowane shinge, da bashin kowane mahauci da ranar biya. Wasu na cewa rubutu rashin yarda ne. Haba! Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na uku, idan lodi ya iso ba gawa, yaran mota na da tukuici sananne bayan ladansu. Tun daga nan ba na roƙon kowa ya hana idonsa barci.

Sabon abu kuma kada mu guje shi don yara ne suka kawo. Da MTN ta fara MoMo a 2009, da yawanmu cewa muka yi kuɗin da ba a ɗaure a ƙugu ba, ba kuɗi ba ne. Yau mahauci na biya daga rumfarsa, harajin e-levy da aka sa a 2022 ma an soke shi a 2025. Ɗana ne ya kawo dabarar ɗaukar hoton kowace saniya da waya wurin lodi a turo ta WhatsApp, shi ke nan gardamar "ba ita ba ce" ta ƙare.

Saura dabarar kasuwa. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, shanun arewa suka yi araha, amma wanda ke da mutanensa a can da jari a hannu shi ya ci riba. A 2022 'yan bindiga suka tare hanyoyin Djibo, wanda bai san wata kara ba ya zauna. A Janairun 2025 kuma Burkina, Mali da Nijar suka fita daga ECOWAS. Saboda haka ka riƙe kara biyu ko uku, kowace da amintaccenka, kuma kada ka zuba jarinka duka a lori guda.

Kafin lodi na gaba, tara yaranka ka tambaye su wane ne babba a hanya. In amsarsu ta bambanta, kada motar ta tashi.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema. Wassalam.