Dalilin Da Ya Sa Sakamakon Gwajin Kayan Lantarki Kan Sha Bamban

Kowace na'ura mai aiki da lantarki, kama daga kwamfuta da talabijin har zuwa cajar waya, tana fitar da wasu igiyoyi waɗanda ido ba ya gani. Idan suka yi yawa, sai su yi wa rediyo da sauran kayan sadarwa katsalandan. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka ƙayyade iyakar abin da na'ura za ta fitar kafin a bari a sayar da ita. A Tarayyar Turai dokar ta zama tilas tun daga 1996, a Amurka kuwa hukumar FCC ce ke kula da lamarin.

Abin da yakan ɗaure wa 'yan kasuwa kai shi ne, na'ura ɗaya takan ci gwaji a wani ɗakin gwaji, ta kuma faɗi a wani. Ba lallai ne a ce an yi maguɗi ba. Kamar yadda mudu biyu a kasuwa ɗaya kan ɗan sha bamban, haka ma kayan awo. Eriyar da ke kama igiyoyin, da wayoyin da ke kai su ga na'urar awo, da ita kanta na'urar, da filin gwajin, kowanne yana da ɗan kuskurensa. Masana kan haɗa waɗannan kurakurai ta hanyar lissafi, su fitar da adadi ɗaya da ake kira rashin tabbas na awo. Bisa al'ada, adadin yana nufin akwai tabbacin kimanin kashi 95 cikin ɗari cewa ainihin ƙarfin igiyoyin yana cikin wannan tazara.

Kwamitin CISPR, wanda aka kafa a 1934, shi ne ke tsara waɗannan ƙa'idoji ga duniya. A ƙa'idarsa ta CISPR 32, kayan amfanin gida ba za su wuce desibel 30 ba tsakanin megahaz 30 zuwa 230, idan an auna daga nisan mita 10. A bugun 2011 na ƙa'idar CISPR 16-4-2 kuma, an sanya desibel 6.3 a matsayin mizanin rashin tabbas na irin wannan awo. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne, domin ƙarin desibel 6 yana nufin ƙarfin igiyoyin ya ninka sau biyu.

Ga yadda ake yanke hukunci. Idan rashin tabbas na ɗakin gwaji bai wuce 6.3 ba, sai a gwada sakamakon da iyaka kai tsaye. Idan ya wuce, sai a ɗora rarar a kan sakamakon. Alal misali, na'urar da aka auna ta ba da 29 ta tsallake a ɗakin da rashin tabbas ɗinsa 5 ne. A ɗakin da nasa ya kai 8.3 kuwa, za a ƙara mata 2, ta koma 31, ta faɗi ke nan.

Ga ɗan kasuwa, faɗuwa a gwaji na biyu na iya jawo tsare kaya a tashar jiragen ruwa, da kuɗin ajiya, da sake gwaji. A Nijeriya ma, kayan sadarwa sai sun sami amincewar hukumar NCC, yayin da hukumar SON ke tantance kayan shigowa ƙarƙashin shirin SONCAP.

Don haka ya kamata mai sayen kaya ya nemi cikakken rahoton gwaji, kada ya tsaya ga takardar shaida kaɗai. Ya duba ko ɗakin gwajin yana da amincewa bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025, ko ya bayyana rashin tabbas ɗinsa, da kuma tazarar da ke tsakanin sakamakon da iyaka. Na'urar da ta tsallake da desibel ɗaya tak, da ƙyar ta sha, kuma babu tabbacin za ta sake sha a gwaji na gaba.