Gwiwar da ke gocewa ba targaɗe ba ce

Da la'asar sakaliya, babu unguwar da ba a buga ƙwallo a Maiduguri, daga Gwange har Bulumkutu, kuma tun da El-Kanemi Warriors suka ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa a 2024 kowane yaro ke ganin shi ma zai kai. A irin filayen nan ne ake samun raunin da aka fi rainawa. Yaro ya kafa ƙafa zai yanke, ko ya diro daga tsalle, sai ya ji ƙas a cikin gwiwa, ya zube. Sau da yawa ko taɓa shi ba a yi ba. Kafin isha gwiwar ta yi suntum. Sai a ce targaɗe ne, a shafa man zafi.

Jijiyoyi huɗu ne manya ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe, biyu kuma sun gitta juna a tsakiyar gwiwa. Ta gefen ciki takan warke da kanta idan aka tallafe ta na 'yan makonni. Ta gaba cikin masu gittawar, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce matsala: idan ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa ba, kuma kumburin nan na gaggawa jini ne ya taru a ciki.

Ga inda ake ruɗuwa. An je an yi hoton ƙashi, an ce babu karaya, kowa ya yi hamdala. To ai hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. Bayan 'yan makonni kumburi ya saɓe, tafiya ta dawo. Ranar da zai sauko daga Keke Napep, ko ya juya da buhu a ka a Kasuwar Monday, sai gwiwar ta goce kamar an zare masa ƙafa. Kowace gocewa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, shi ya sa za ka ga ɗan shekara 35 yana fama da zaman tahiya.

Ba na raina masu ɗori, amma nan ba hurumin ɗori ba ne, domin babu ƙashin da ya karye balle a ɗora. Ja da murɗa ƙara ɓarna suke yi, tsaga da ƙaho kuma na iya kai ƙwayoyin cuta cikin gaɓa. Wanda ke haɗiyar tramol ya koma fili, zafin kawai ya danne.

A ranar farko a huta, a ɗora ƙafar kan matashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a riƙa sa wa na minti 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, sannan a nemi likitan ƙashi. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma idan da buƙata ana tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Likita zai riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba ya ji ko akwai sako-sako, sai hoton MRI ya tabbatar. Amma idan bayan haɗari tafin ƙafa ya yi sanyi, ya canja launi ko ya mutu, wannan ba na jiran gobe ba ne. Mai yiwuwa hanyar jini ce ta bayan gwiwa ta taɓu, jinkirin 'yan awoyi na iya jawo yanke ƙafa.

Ba kowa ake yi wa tiyata ba. Dattijon da zirga-zirgarsa daga gida sai masallaci sai shago, ƙarfafa naman cinya na iya wadatar da shi. Matashi ɗan ƙwallo, soja, ɗan dako, ko duk wanda gwiwarsa ke yawan gocewa, su ne aka fi ba shawarar aiki. Galibi ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake yi ba. Ana ɗebo wata daga bayan cinyar mutum ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwarsa, a shiga ta ƙananan huji da kyamara, a huda ƙasusuwan biyu, a zura ta a ɗaure. Allurar baya ma takan isa, ba lallai sai an sa barci ba.

Sauran aikin yana ɗakin gashi, inda ake motsa ƙafar a ƙarfafa ta, kuma nan ne mutanenmu ke karaya. An sayar da fili an biya kuɗin tiyata, sai a ga zuwa gashi ɓata kuɗin mota ne. Ƙafar da ba a motsa ba sandarewa take, cinya ta tsotse. Sabuwar jijiya kuwa watanni take ɗauka kafin ta kama ƙashi sosai, don haka komawa ƙwallo sai bayan wata 9 zuwa 12. Virgil van Dijk na Liverpool ya tsinke tasa a Oktoban 2020, bai sake buga wasa ba sai kakar da ta biyo, duk da likitocin da ke kansa. Victor Boniface sau biyu abin ya same shi lokacin da yake wasa a ƙasar Norway, ya yi jinya, daga baya ya ci gasar Jamus da Bayer Leverkusen a 2024. Saboda haka kafin a sa ranar aiki, a tambayi likita nawa gashin zai ci da wa zai riƙa kai yaron, a haɗa lissafin duka tun daga farko.