Shamuwa: Baƙuwar Damina a Yankin Daddara

Daga cikin tsuntsayen da ke ziyartar Ƙaramar Hukumar Jibiya a kowace shekara, babu wadda manoma ke ɗokin gani kamar shamuwa. A Daddara da ƙauyukan da ke bakin iyaka, har zuwa Ɗan Isa da Madarumfa a Jamhuriyar Nijar, da zarar an hango ta a kan kuka ko tsamiya sai a fara gyaran gona, domin an san ruwa ya kusa sauka.

Wasu na ɗauka cewa ita ce ke kawo ruwan. Gaskiyar magana ita ce bin sa take yi. Abincin shamuwa fara ne da tsutsotsi, wani lokaci da kwaɗi da ƙananan ƙadangaru, waɗanda ba sa yawaita sai ƙasa ta jiƙa. Saboda haka takan iso ƙasar Hausa wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa da ƙirare, ta sa ƙwai 2 zuwa 3, ta yi renon 'ya'yanta a cikin damina. Idan kaka ta yi, sai ta tashi ta tsallaka gabashin Afirka ta nufi kudu, zuwa ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda daminarsu ke kamawa a watan Nuwamba. Ke nan damina biyu take ci a shekara guda. Tafiya ce ta dubban kilomitoci, kuma babu jami'in shige da fice da ya taɓa tambayar ta takarda.

Abin mamaki shi ne tsuntsuwar ba ta da wani girma. Ita ce mafi ƙanƙanta a danginta, tsayinta kimanin santimita 73, nauyinta kuwa bai wuce kilo 1 da 'yan kai ba. Dabararta ita ce ta jira rana ta yi zafi, iska mai ɗumi ta ɗaga ta sama, sannan ta shimfiɗa fukafukai ta yi ta lulawa ba tare da wahalar kaɗa su ba. Har ila yau, idan zafi ya dame ta takan yi kashi a ƙafafunta, danshin ya sanyaya mata jiki. Farin da ake gani a ƙafarta ke nan.

Masana sun shigar da ita cikin littattafansu a shekarar 1823, da sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa a arewacin Sudan.

Shamuwa ta fi son yin sheƙa a tsakiyar gari, kuma al'adarmu ta hana taɓa ta ko ɗaukar ƙwanta. Sai dai barin ta kawai bai wadatar ba. Duk babbar bishiyar da aka sare don itacen girki ko gawayi, masauki ne ta rasa. Haka kuma feshin maganin ƙwari barkatai yana kashe abincinta, alhali farar da take ci ita ce mai ɓarnar gero da wake a gonakinmu.