Sirrin Da Yayata Ta Ɓoye Shekara Biyu

Maganar yau ta kunya ce, amma kunyar nan ita ta kusa kashe wa Yayata aure.

A Ƙanƙara aka haife mu, ita aka kai ta aure Sabuwa. Tun haihuwarta ta uku ta daina zuwa biki, dariyar ma ta rage. Ranar wani suna a gidan Gwaggonmu a Faskari, tari ya kama ta, sai ta miƙe da sauri ta shige ɗaki. Na bi ta, na tarar da zaninta a jiƙe, tana hawaye.

"Ƙanwata, rufa mini asiri. Ko atishawa na yi, ko tulu na ɗauka, sai fitsari ya zubo. Alwala ba ta zama, maigida kuma har ya fara zargin gudunsa nake yi."

Inna na ji ta ce yoyon fitsari ne. Hankalinmu ya tashi, muka fara shirin Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya fara yi wa masu wannan lalura aiki a 1984. Allah Ya sa muka fara zuwa asibiti. Likita ta duba ta, ta ce mai yoyon fitsari huda ce a jikinta, dare da rana yake zuba, sai tiyata. Na Yaya kuwa tsokar ƙasan mara ce, wadda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, ciki da naƙuda suka sassauta ta. Aka tura mu sashen gashi.

Wallahi na zaci wata na'ura za a ɗauko! Ashe atisaye ne da wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe iska a gaban surukai, ki ƙirga biyar, ki saki, ki huta. Sau 10, safe da rana da dare. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya, kuma ba a lokacin fitsari ake yi ba.

Wata guda babu canji, har Yaya ta so ta watsar. Ni na riƙa tuna mata. Sai a wata na uku ta ga haske.

Da bikin ƙanwarmu, ita ta fi kowa shewa.