Faifan Z Ya Ƙi Buɗuwa? Lissafinka Yana Nan

Tambayar wannan makon ta zo ne daga wani mai sauraro a Jabal Awliya, garin madatsar ruwan da aka gama ginawa a 1937 a kudancin Khartoum. Yana kai shanu kasuwar Muwailih ta Omdurman. Lissafin ciniki da na bashi duk suna cikin babbar kwamfutar gida, ɗansa kuwa yana buɗe su daga laftof ta faifan da aka sa wa harafin Z. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, sai ga jar alamar X a kan Z. Ga mai bin bashi a ƙofa, ga lissafi ya ƙi fitowa.

Malam, kwantar da hankalinka. Harafin Z ba rumbu ba ne, hanya ce kawai zuwa wata jaka da ke cikin babbar kwamfutar. Hanyar ce ta yanke, takardun suna nan.

Fara da mai sauƙi. Babbar kwamfutar a kunne take, ko ta yi barci? Sannan duba laftof ɗin: wayfai ɗin gida ya kama, ko na wayar wani? In ba su kan rauta ɗaya, ba za su ga juna ba.

In wannan lafiya lau, to yawanci adireshi ne ya sauya. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lamba, kamar 192.168.1.5, kuma bayan ɗaukewar wuta tana iya ba ta wata daban. Ka ga kamar ruga ce ta tashi, kai kuwa kana ta zuwa tsohon mashekari. A babbar kwamfutar, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, sannan ipconfig. Lambar da ke layin IPv4 ita ce adireshin yanzu. A ce 192.168.1.7 ka gani: koma kan laftof, danna Windows da R, rubuta \\192.168.1.7. In jakar ta bayyana, cire tsohon Z ka sake haɗa shi da sabuwar lambar. Don kada abin ya riƙa maimaituwa, a shiga saitin rauta a keɓe wa babbar kwamfutar lamba ɗaya tak.

Har yanzu shiru? Duba saitin wayfai a babbar kwamfutar. In Windows ta ɗauki layin gidan a matsayin Public, wato na bainar jama'a, takan rufe ƙofa. Mayar da shi Private, ka tabbatar File and printer sharing a kunne yake.

In kuma kalmar sirri yake ta tambaya, wataƙila an canza ta ne, laftof yana riƙe da tsohuwa. Goge ta a Credential Manager ka shigar da sabuwa. Windows 11 ta 2024, wadda ake kira 24H2, ta ƙara tsaurara shiga babu kalmar sirri, don haka a buɗe wa yaron asusu mai kalmar sirri a babbar kwamfutar.

Gargaɗi ɗaya: in mai gyara ya ce zai kashe katangar tsaro ko ya kunna tsohon tsarin SMB1, ka ce a'a. Ta wannan ƙofar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayun 2017.

Sannan duk ranar da ka dawo daga kasuwa, kwafi jakar lissafin a filashi, ka ajiye shi wani wuri daban. Hanya in ta yanke ana gyara ta, amma in faifan babbar kwamfutar ya ƙone, filashin nan ne kaɗai shaidarka. Allah Ya ba da kasuwa, Ya tsare dukiya.