Tsakanin Wayo da Zamba a Harkar Jirgin Sama da Banki

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka abin yake a sha'anin jiragen sama da bankuna.

Da farko, kamfanonin jirgi ba nisan tafiya kaɗai suke dubawa wajen yanke kuɗin tikiti ba, har da yawan masu nema da kuma gasa. Saboda haka wani lokaci tikitin gari mai nisa, wanda jirgin zai yada zango a hanya, ya fi tikitin garin zangon araha. Sai mai wayo ya sayi na nesa, ya sauka a zango da 'yar jakarsa. A 2014 kamfanin United na Amurka ya kai ƙarar saurayin da ya kafa Skiplagged don nuna wa mutane wannan dabara, amma a 2015 kotu ta kori ƙarar don ba ta da hurumi.

Na biyu, daga 2008 hukumar buga kuɗi ta Amurka ta riƙa sayar da kwabban dala ɗaya a kan dala ɗaya, ta kai wa mutum har gida kyauta. Sai wasu suka riƙa saye da katin bashi mai ba da tukuicin tafiya a jirgi, su zuba kwabban a banki, su biya bashin, tukuici ya zama nasu. A 2011 aka toshe wannan ƙofa.

A nan Nijeriya kuwa, a 2021 banki kan sayar wa matafiyi har dala 4,000 a kan wajen naira 410, alhali a kasuwar bayan fage ta haura naira 500. Sai wasu suka riƙa yankar tikiti, su karɓi dala, su soke tafiyar, su sayar, su ci ribar fiye da naira 350,000.  Babban Banki ya umarci bankuna su wallafa sunayen masu yin haka.

To, ina bambancin? Na farko da na biyu sun bi ta ratar da ƙa'ida ta bari, ko da yake kamfani na iya hana mutum shiga jirginsa. Na uku kuwa ƙarya ya shara, kuma dalar da ya kwashe ta marar lafiya ce da ɗalibi mai karatu a waje. Don haka kafin mu yaba wa mai wayo, mu tambaya: daga aljihun wa ribar ta fito?